Malama Mas'uda da Ajin Kama Hannu

Mas'uda 'yar Darki ce. Mahaifinta, Malam Tasi'u, manomi ne: da damina dawa da gero, da rani albasa da tumatir a fadama. Bai yi boko ba, amma duk 'ya'yansa ya sa su. Wanda ya fara shiga jami'a a gidan shi ne yayanta Maikano. Ranar da ya samu gurbi a jami'ar nan ta Wudil, dafa-duka aka yi aka raba wa makwabta. Shekara guda ya yi aka sallamo shi, saboda makinsa bai kai ba. Ya dawo da jakarsa bai yi wa kowa bayani ba, mahaifin ma bai tambaye shi ba. Daga baya aka haɗa masa babur, ya shiga ɗaukar fasinja tsakanin Darki da Wudil. Mutanen gari suka ce ai wasa ya je ya yi. Mas'uda ba ta yarda ba, don ta san yadda yayan nata yake da naci a kan littafi. Sai dai ita ma ba ta san abin da ya faru ba sai da nata lokacin ya zo.

Ta samu gurbin karanta Kemistiri a wannan jami'ar. A sakandarensu ita ce ta ɗaya, malamai da ita suke misali. Lakcar farko da ta shiga, ɗakin ya cika har bakin taga, wasu a tsaye. Malamin yana can gaba da lasifika, yana zuba Turanci yana sauya rubutu a bango. Kafin ta gama kwafar layi ɗaya an wuce. Ta dubi na kusa da ita ta ga kowa ya sunkuya yana rubutu, ta ɗauka ita kaɗai ce ba ta gane ba. Haka mako ya bi mako. Aka ce gwajin farko a kwamfuta za a yi, ita kuwa ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba.

Maikano ne yake kai ta ya ɗauko ta. Wata rana da yamma, sun baro gari sun hau hanyar gida, ta ce masa, "Yaya, kai ma haka ka ji?"

"Haka me?"

"Kamar ba da kai ake magana ba."

 Ya rage gudu ya ce, "Har aka gama zangon farko ban taɓa ɗaga hannu ba. Ina ganin in na yi tambaya za a ce baƙauye. Ashe rabin ajin irina ne. Sai a allon sakamako na gane."

"Me ya sa ba ka gaya wa Baba ba?"

"In ce masa me? Ya sayar da sa ya biya mini, in ce masa ba na jin abin da ake faɗa? Ke dai kada ki yi shirun da na yi."

A shekarar ne gwamnati ta ba wasu manyan makarantu tallafi don su buɗe wani kwas na musamman ga 'yan aji ɗaya. Sunansa na Turanci dogo ne, ɗalibai suka raɗa masa Ajin Kama Hannu. Da kuɗin aka sayi kwamfutoci da sola, aka ware sa'o'i a cikin jadawalin darussa, aka ɗauki ɗaliban manyan azuzuwa ana ba su ɗan alawus su zauna da ƙananan rukuni. Wanda aka damƙa wa ragamar shi ne Malam Halliru, wani dattijon malami mutumin Gusau, mai magana a hankali kamar ba ya so a ji.

Ranar farko ya zauna a kan tebur ya ce, "Kowa ya faɗi abu ɗaya da bai gane ba a makon nan. Wanda ya gane komai kuma ya taso ya koya mana."

 Mas'uda ce ta fara ɗaga hannu.

"Malam, ni ban iya rubuta abin da malami yake faɗa ba. Kafin in gama ɗaya ya yi biyar."

Wasu suka yi dariya. Malam Halliru ya bari suka gama, ya ce, "Masu dariya, wa zai ba ni littafinsa in duba?" Ba wanda ya miƙa. Sai wani saurayi a baya ya ce shi ma haka ne, wata ta ce ita ba ta san yadda ake aron littafi a laburare ba. Kafin a tashi, kusan kowa ya yi magana.

A ajin nan ta koyi kama ma'anar magana ta bar kwafar kowace kalma. Ta koyi zama gaban kwamfuta, da tsara lokacinta, da shiga ofishin malami ta yi sallama ta yi tambaya. Duk da haka ta faɗi Lissafi a zangon farko. Ta yi kuka, ta maimaita, ta ci. Da ta kai aji uku ita ma aka ba ta rukuni. Ta gama, ta je hidimar ƙasa, ta dawo ta auri Auwalu, mai sayar da maganin dabbobi a kasuwar Kara. Da jami'a ta nemi ƙananan ma'aikata a sashen da ke kula da kwas ɗin, Malam Halliru ya ce ta nema. Aka ɗauke ta.

Ta yi 'yan shekaru tana aikin cikin jin daɗi. Sai abubuwa biyu suka zo a tare: Malam Halliru ya yi ritaya ya koma garinsu, wa'adin tallafin kuma ya ƙare, ba a sabunta ba. Babu alawus, babu kuɗin takarda, aka cire ajin daga jadawali. Sabon shugaban sashen, Dakta Saifuddeen, ya kira ta ya gaya mata.

"Sai haƙuri, Malama. An ce za a turo kwamiti ya duba, amma ba a sa rana ba."

"Ranka ya daɗe, sababbin ɗalibai kuwa sun kusa shigowa. Su ba za su jira kwamiti ba."

"To ya za mu yi?"

"A ba ni makullin ɗakin kwamfuta ranar Asabar."

Ya ba ta. Ta bi tsofaffin ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya, ta roƙe su su zo su taimaka don Allah. Da yawa suka amsa. Asabar ɗin farko ɗakin bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi a baranda. Mas'uda ta koma gida muryarta a dashe, tana murna.

Murnar ba ta daɗe ba. Masu taimakon su ma ɗalibai ne, da nasu jarrabawar da nasu neman abincin. Wannan ya ce ya samu aikin koyar da yara a gari, wancan ya ce aikinsa na kammalawa ya tsaya. Ba ta ga laifinsu ba. Baturan sola suka mutu, aka koma jiran wuta. Kwamfuta in ta lalace sai a ture ta gefe. Rukunin da a da ake zama ana jin matsalar kowa ya koma taro guda, ita kaɗai a gaba tana ɗaga murya. Wata rana tana cikin bayani ta lura da wata yarinya a layin baya tana ta rubutu ba ta ɗago ba, ta gane abin da ajin ya zama: wata lakcar ce kawai aka ƙara musu.

Su ma ɗaliban suka fara raguwa, kuma waɗanda suka fi buƙata su ne suka fara ɓacewa. 'Yan hostal da 'yan cikin gari suna zuwa. 'Yan ƙauye kuwa, da suke jigila daga gida, sai ta daina ganinsu.

Auwalu ya ga tana ramewa. Ga aikin ofis, ga goyo, ga Asabar. Ya ce mata, "Maman Jamilu, ba hana ki zan yi ba. Amma wannan aikin na mutum goma ne."

"Na sani."

"To?"

"To in na ajiye wa zai ɗauka?"

 Daga ranar, duk Asabar shi yake kai yaron wajen kakarsa kafin ya wuce shago.

A cikin waɗanda suka ɓace akwai Ummi, wata 'yar Ɗankaza mai karanta Fiziks. Yarinya ce mai kaifin kai, irin wadda in ta yi tambaya sai malami ya tsaya ya yi tunani. Ta zo makonnin farko, daga nan shiru. Ƙarshen shekara sunanta ya fito cikin waɗanda aka sallama. Mas'uda ta sa Maikano ya kai ta Ɗankaza. Ta tarar da Ummi a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da mahaifiyarta. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi mutan gida da aiki da hanya. Sannan Mas'uda ta ce, "Ummi, me ya hana ki zuwa?"

Ummi ta sunkuyar da kai. "Malama, ranakun lakca motar makwabcinmu nake bi, yana aiki a sakatariya. Asabar ba ya fita. Na roƙi Baba kuɗin mota sau biyu, na uku na ji nauyi."

"Da kin gaya mini."

"Na ga ke ma abin ya yi miki yawa."

Mahaifiyar ta ce, "Malama, mun gode da kika taka har nan. Haka Allah ya ƙaddara."

Mas'uda ta ce akwai hanya, a sake zana jarrabawar shiga, ita za ta tsaya mata. Ummi ta girgiza kai, ta ce ba za ta iya sake sa iyayenta a gaba ba. Mas'uda ta koma har sau biyu daga baya, amsar ba ta sauya ba. Ummi ɗinki take koya yanzu a Wudil, kuma in sun haɗu a hanya suna gaisawa sosai. Amma har yau abin bai bar zuciyar Mas'uda ba.

Abin mamaki, a daidai lokacin ne sunanta ya fita. A taron ma'aikata aka miƙe aka yaba mata. Wani gidan rediyo ya yi hira da ita. Ko'ina ana cewa ga matar da ta riƙe kwas shekara guda ba ko sisi. Tana jin daɗin yabon, ba ta ɓoye ba, don mutum ce. Amma ta san abin da ta gani.

Da kwamitin gwamnati ya sa rana, Dakta Saifuddeen ya ce ita za ta yi bayani. "Ki nuna musu jajircewarmu," in ji shi. "Su ga cewa ko da aka bar mu ba mu zauna ba. Shi zai sa su tausaya."

Ranar, aka gyara ɗakin taro, aka jera ruwan gora. Shugabar kwamitin, Hajiya Khaulat, tsohuwar shugabar makaranta ce, mace mai farin gilashi da ba ta ɓata magana. Mas'uda ta fara da tarihin kwas ɗin kamar yadda aka tsara. Ba ta yi nisa ba Hajiya ta ɗaga hannu.

"Malama, mun ji labarinki tun kafin mu zo, kuma Allah ya saka miki. Amma bari in tambaye ki abin da za a tambaye ni in na koma. Jiya muna wata makaranta da ɗakin gwajinta ko rufin kirki babu. Su ma kuɗi suke nema. Ku kuwa kun nuna ana iya yin wannan abu kyauta. To don me zan ce gwamnati ta biya?"

 Dakta Saifuddeen ya gyara zama. Mas'uda ta dubi takardar da ke hannunta, ta ajiye ta.

"Ranki ya daɗe, ba mu nuna ana iya yi ba. Mun gwada ne, bai yiwu ba."

"Kamar yaya?"

"Abin da na yi bana ba shi ne kwas ɗin ba. Kwas ɗin shi ne ɗalibi ya zauna cikin mutum kaɗan, a ranar da dama yana makaranta, da wani wanda aikinsa ne ya san sunansa, ya neme shi in bai zo ba. Ni taro na riƙa yi ranar Asabar. Masu taimaka mini sun yi iya ƙoƙarinsu, suka gaji, kuma da gaskiyarsu. 'Yan ƙauye suka daina zuwa, su ne kuwa aka buɗe shi dominsu. An sallami yaran da na tabbata da a shekarun baya ne da sun wuce. Na je gidan ɗaya daga cikinsu na zauna. In kika koma kika ce ana iya yi kyauta, an ba ki labarin da ba haka yake ba, kuma ba zan so a ce daga bakina ya fito ba."

Hajiya Khaulat ta cire gilashinta. "A shekarun da ake biya, kowa yake wucewa?"

"A'a, ranki ya daɗe. Wasu suna faɗuwa duk da haka. Ni kaina na faɗi Lissafi ina cikin ajin. Amma na san ƙofar da zan buga."

"In aka ce badi ma babu, za ki ci gaba da Asabar ɗin?"

Mas'uda ta ce, "Zan ci gaba, don ba zan iya kallonsu ba. Amma kada a rubuta cewa akwai kwas."

Hajiya ta yi rubutu, ta ce a kawo musu sakamakon 'yan aji ɗaya na shekarun baya da na bana su kwatanta da kansu. Aka tashi.

Abin bai yi wa kowa daɗi ba. Dakta Saifuddeen ya kira ta ofis, ransa a ɓace. "Kin tsaya gaban baƙi kin ce sashena ya gaza."

"Ranka ya daɗe, ni na ce na gaza."

"Duk ɗaya ne a wajensu."

Ta ba shi haƙuri a kan rashin sanar da shi tun farko, don ta ga yana da gaskiya a nan. Amma ba ta janye maganar ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ɓacin ran masu taimakon. Labari ya kai musu a karkace, ɗaya ya aiko mata saƙo cewa ashe wahalar banza suka yi. Ta tara su a ƙarƙashin darbejiyar bayan laburare, ta sayo musu zoɓo, ta gaya musu abin da aka tambaye ta da abin da ta amsa, kalma da kalma. Ta ce, "Ba ku na raina ba. Cewa na yi bai kamata a jingina makomar yara a kan gajiyarku ba." Wasu suka gamsu, wasu suka tafi da sauran fushi.

Watanni suka wuce shiru. Ta buga wa Malam Halliru waya ta ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Kin ci abinci dai yau?" Ta yi dariya. Ya ce, "To ki ci. Abin da ya rage ba a hannunki yake ba."

Amsa ta zo gab da buɗe sabuwar shekara. An dawo da tallafin, amma bai kai na da ba. Tsangayar Kimiyya da ta Injiniya kawai ya ɗauka, aka bar ta Noma da sauran. An kuma sa sharaɗi cewa mai jagorantar kwas ɗin sai babban malami mai digiri na uku. Aka ba Dakta Saifuddeen. Ita ta zauna a matsayinta.

Abokan aiki suka riƙa zuwa yi mata jaje, suna cewa an yi mata rashin adalci. Ta ji zafin abin, ta kwana biyu ba walwala. Rana ta uku ta shiga ofishin Dakta ta yi masa murna, ta ce buƙatarta biyu: a sa ajin a tsakiyar mako da hantsi, lokacin da 'yan jigila sun riga sun iso, sannan a ba kowane mai rukuni damar kiran ɗalibin da ya yi fashi. Ya dube ta, ya ce, "Zauna mu tsara tare, kin fi ni sanin yaran." Tun daga nan suka daidaita.

A shekarar ta nemi gurbin digiri na biyu a Kano, a fannin koyar da kimiyya, wanda ake yi ranar Asabar, ta samu. Auwalu ya ce ashe Asabar ɗin ba za ta dawo gida ba ke nan. Ta ce masa ta dai sauya hanya.

Maganar tsangayar Noma ce ba ta bar ta ta huta ba, don a can 'yan ƙauye suka fi yawa. Ta samu shugaban tsangayar suka rubuta buƙata, Dakta Saifuddeen ya sa hannu. Aka ce mata a aika ta hanyar ofis a jira. Ta aika, ta kuma nemi izini ta bi sawu da ƙafarta. Wata Litinin ta hau motar Kano daga bakin gada, ta sauka ta nemi ma'aikatar da Hajiya Khaulat take. Sakataren ofishin Hajiya ya dube ta ya ce Hajiya tana taro, kuma ba a san lokacin fitowarta ba.

"Ko za ki bar saƙo, Malama?"

"A'a, na gode. Zan jira."

"Zai iya kai wa la'asar fa."

"Ba komai. Ina ne masallacin mata?"

Ya nuna mata. Ta zauna a kan bencin baranda, ta ciro littafin da za a yi musu gwaji a kansa, ta buɗe inda ta tsaya.